Ƙwayoyin da na gani a aljihun Baba

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya aiki, ya Anti Hadiza da yara? Mu a Fagge lafiya lau, sai dai zancen Baba.

Bugun zuciyar nan nasa ya dawo. Likitarsa ta Sabon Gari ta ce akwai jijiyoyin da ke tafiyar da zuciya ba da sanin mutum ba, wasu su zaburar da ita, wasu su lafar da ita. In ya yi fushi ko ya ci goro, masu zaburarwar ne ke tashi, sai bugun ya rikice. Ta ba shi ƙwayar da ke danne su.

Ni dai ban yarda yana sha ba. Kullum sai ya ce, "Na sha a kasuwa." Jiya zan wanke rigar da ya je Kantin Kwari da ita, na tarar da ƙwayoyi biyar a aljihu, har da ɓarin goro. Na tambaye shi, ya ce wai na maƙwabcinsa ne. Ko kallona bai yi ba.

Don Allah ka kira shi, kai kaɗai yake jin nauyi. A sa shi a addu'a. Ka gaida mutanen gida.

Ƙanwarka,
Binta