Rabin Zanen Saratu

Zuwa ga ƙanwata Hauwa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji, tunda nan inda kika bar mu babu abin da zan ce miki ya gyaru. Yau kwana arba'in da muka kai ki makwancinki a Batsari. Ko kina da rai sai dai in karanta miki wannan takarda, don ni aka kai makaranta, ke aka bar ki bakin turmi. Zan sa ta inda mutane za su gani, domin abin da na yi, a gaban mutane na yi shi.

Kin san shekarun da na kwashe ina koyar da tarihi. Duk shekara sai na tsaya gaban allo na ba yara labarin matan Yahudawa da Jamusawa suka tsare a sansani lokacin yaƙin duniya na biyu: yadda aka aske musu kai, yadda mata biyu ke raba ɓawon burodi guda, yadda mai sauran ƙarfi ke tallafe wadda jiri ke ɗiba a layi don kada a gane ta kasa. Na yi jarrabawa a kai, na ba da maki da jan biro. A raina abin na can wata ƙasa ne mai nisa.

Sai ga shi 'yan bindiga sun ɗauke ki kina noma a gonar gyaɗa, hanyar Yasore, suka yi daji da ke har damina ta fita.

Da kika dawo, ƙafafunki kamar kara, ba ki faɗi abin da suka yi miki ba, mu ma ba mu tambaya ba. Muka ce kawaici muke yi. Tsoron amsar muke ji.

Suna ɗaya kike ta maimaitawa: Saratu. Kin ce Kirista ce, daga gidajen Maguzawa na bayan Runka, a dajin kika tarar da ita. Ƙaya ta yayyage zanenki a hanya har ba ya rufe ki, ita ta tsaga nata biyu da haƙori ta ɗaura miki rabi. Da ciwon ciki ya kayar da ke, ita ke yin dakan da aka ɗora miki ta haɗa da nata. In za ki yi salla, ta zauna ta kare ki da jikinta. Babu goro a daji, da aduwa guda kuka ƙulla ƙawance, ki tsotsa, ta tsotsa.

Kina ba ni wannan labari, kunnena ɗaya na wurin rediyo, ina jiran in ji abin da manya za su ce. Sun kuwa ce. Kullum cewa suke yi.

Ciwon da kika zo da shi bai sake ki ba. A kwanciyarki ta ƙarshe kin riƙe hannuna kin ce, "Yaya, in Saratu ta zo, ka shigo da ita har ɗakina." Na ce to, irin wadda ake ce wa mai zazzaɓi.

Ranar sadakar uku ina zaure cikin babbar riga ina karɓar gaisuwa. Kin san yadda garin ya koma: duk inda hayaƙin sadaka ya tashi, matan gudun hijira na taruwa a ƙofa da kwanoninsu. Wata ta tsaya gefe, ba kwano a hannunta, ba mayafi, ƙafafunta duk faso. Ta durƙusa ta ce tana so ta shiga ciki. Hauwa, ko sunanta ban tambaya ba. Na ce a ba ta waina ta ba mutane hanya. Ta karɓa da hannu biyu, ta ajiye wani ɗan ƙulli a bakin zaure, ta juya.

Sai da mata suka zo kwashe kayan ɗakinki suka zaro rabin zane a ƙarƙashin matashinki, shuɗi mai ganye-ganye, a wanke, a ninke. Matata ta tuna da ƙullin da aka jefa bayan ƙofa, ta kwance shi. Ɗaya rabin zanen ne a ciki. Gefe ya hau gefe, har wurin da haƙori ya fara tsagawa.

Na daɗe ina cigiya kafin in same ta a Safana, cikin wani kangon aji da aka zube mutanen ƙauyensu. Allon ma yana nan a bango. Ta shimfiɗa mini buhu, ta kawo mini ruwa. Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi.

Ta ce a daji kun ga yadda ake jan wadda ta mutu a yar a kwazazzabo ba ko tsumma a jikinta, sai kuka yi wa juna alkawari: duk wadda ta riga, ɗayar ce za ta rufe ta. Labarin rasuwarki bai same ta da wuri ba, kuma babu mai babur da ya yarda ya bi hanyarsu, da ƙafa ta zo. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi, "Malam, ba waina ta kawo ni ba."

Jiya na taho da ita. Dattawan unguwa suka ce mace ba ta shiga maƙabarta, balle wannan. A cikinsu babu wanda ya taka ko bakin dajin lokacin da kike ciki, ni ma ban taka ba. Na wuce gaba, tana biye da ni. Matata ta riga ta ɗinke zanen da zare da allura. Saratu ta shimfiɗa shi a kanki, ta danne bakinsa da duwatsu. Ta yi addu'a irin tasu, na yi tawa.

Daga nan na kai ta ɗakinki, 'yar uwa, kamar yadda kika ce. Ta zauna bakin gadonki har la'asar, ba wanda ya ce mata ta ba da hanya.

Allah ya jiƙan ki, ya sa wahalar da kika sha ta zama kaffara. Allah ya saka wa Saratu da alheri, ya fito da waɗanda suka rage a daji, ya haɗa kowace da wadda za ta raba zane da ita. Ni kuma ki yafe mini.

Naki,
Yayanki, wanda ya karanta labarin, ya kasa gane shi a ƙofar gidansa.