Zaren da ke Saiwar Hatsina

Litinin, 15 ga Yuli, 2024

Ƴan furoje, masu aikin raya gona, sun zo daga Maradi. Wata malamar gona, Samira, ta roƙi ta tuge hatsi biyar a gonata. Na ce tugi goma, ɗiyata, ki je ki gwada musu yadda ake share gona. Ba itace, ba kututture, kara duk na ƙone tun bazara, yadda ubana ya yi.

Wai fumfuna take nema cikin saiwa, mai zare, mai ɗebo wa shuka ruwa da abinci. In ta yi yawa, ƙasa na da rai. Ni a tuwon da ya kwana uku na san fumfuna. Na faɗa wa Ɗelu matata, ta yi dariya har da hawaye.

Talata, 16 ga Yuli

Ashe ta tuge a gonar Illo ƙanena ma, wannan daji nasa mai kalgo da sabara. Har a iyaka ta tona, tsirin ƙasar nan da ya ce nasa ne, na ce nawa. Shekara goma sha ɗaya ba wanda ya sa masa hauya. Nawa ne.

Juma'a, 9 ga Agusta

Ruwa mai kyau. Illo ya gaishe ni a masallaci, na amsa da hanci.

Laraba, 21 ga Agusta

Samira ta dawo da hotuna cikin waya. Sun rina saiwar da shuɗi kamar a marina, sun duba da madubin da ke girmama abu. Ta Illo cike da zare. Ta ciyawar iyaka ta fi kowa, kamar saƙar gizo. Tawa fes, zare biyu ko uku.

Na ce to, tawa ta fi tsabta. Ta ce, "Baba Inusa, tsabtar rumbun da ba hatsi ce." Wai wuta da rana sun gasa ƙasar, ba inuwa, ba ruɓaɓɓen kara da zaren zai rayu a ciki.

Na tambaye ta ko gonar ta mutu. Ban so muryata ta fito haka ba. Ta ce ba ta mutu ba, yunwa take ji.

Asabar, 12 ga Oktoba

Dami arba'in da biyu. Zamanin tsohona tasa'in ake ɗaurewa a nan. Shekaru ina cewa tsuntsayen itatuwan Illo ne ke cinye mini. Har yanzu suna da nasu laifi.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Shi Illo dami saba'in. Ban tambaya ba, Ɗelu ce mai baki.

Alhamis, 17 ga Afrilu, 2025

Lokacin sassabe. Na fita da gatari da ashana. Ashanar ta ji raɓa, ko kuma ban ƙyasta da kyau ba. Na bar karan a kwance. Tohon kalgo kuwa, da ke fitowa kowace shekara ina sarewa, na rage biyu-biyu a kowane gindi, don bayana na ciwo, ba don komai ba.

Illo ya tsaya daga wancan gefen iyaka, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Yaya, mai ƙaurin ake bari, ba siririn ba."

Na ce wa ya tambaye shi.

Mai ƙaurin na bari. Gobe zai zo da wuƙarsa, wai tawa ta dakushe. Na ce Ɗelu ta ƙara fura.