Danshi a Gonar Waken Suya

Daren Talata, tsakiyar damina, Danwarai.

Yau kwana goma sha ɗaya ba ruwa. Da hantsi na tahi gonar waken suya gabana na faɗuwa, don na maƙwabta duk ya yi yaushi. Nawa ko kore shar. Na tura yatsa cikin kwarin kunya, na ji danshi mai sanyi. Na tona wuri ukku, duk haka. Alhamdulillahi.

Ranar da ɗana Bello ya kawo tarakta daga Jega, direban ya so ya ja kunya ta bi gangare, wai ya hi sauri. Na tsaya gaban motar da sandata, na ce a gicciye za a yi, yadda mahaifina ke yi da garma, ruwa ya kwanta ƙasa ta sha. Bello ya ce, "Baba, ƙarfe ya hi ka sanin noma." Na ce, "Ƙarfe bai taɓa kwana da yunwa ba, yaro." Kwana biyu Bello bai dube ni ba.

Bayan la'asar yau, da Bello ya dawo daga ganin waken, ya zauna gefen tabarmata, ya ce, "Baba, baɗi ka bi mu ɗayar gonarmu ta Kuberi, ka gwada ma direba inda ruwa ke bi."

Na ce in da rai, amma sai an aza ni bisa taraktar.