Raɗa a Bencin Baya

Samaru, Zariya
Farkon damina

Maigidana, Baban Godiya,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Yaya aikin Ubangiji a can bayan dutse, yaya gwiwar nan taka da ke tashi in an yi ruwa? Mu nan lafiya lau. Godiya ta zubar da haƙoran gaba, ta hana kowa ganin dariyarta sai ka dawo. Mama tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko duk ƙauyen nan babu bishiyar da mutum zai hau ya kira uwarsa a waya. Na ce mata ɗanta fasto ne, ba biri ba. Sai mu ci gaba da ba Iyke direba wasiƙa in zai je ɗauko citta.

Tun da aka yi maka canjin wurin aiki, har yau in na tuƙa tuwo sai in ga na kwashe har da naka. Ina kewarka, ba zan ɓoye ba.

Fasto Martins da ya gaje ka mutumin kirki ne, sai dai Hausarsa ba ta wuce sannu da na gode ba. Kai ka saba yin wa'azi da Turanci saboda ɗalibai da 'yan kasuwar Sabon Gari, ka juyo ka maimaita wa tsofaffi da Hausa. Yanzu Turanci ne zalla. Na roƙi dattawan ikilisiya su bar ni in tsaya gefen mumbari in yi tafinta, tunda Turancin nake koyarwa a firamare. Dattijo Bernard ya buɗe mini wasiƙar Timoti ta fari a Littafi Mai Tsarki, inda aka hana mace koyar da namiji. Ban yi musu ba. Suka ce za a nemo namiji, har yanzu dai ana nema.

Ran Lahadin da ta wuce Mama ta ɗaga murya ta ce Amin, ashe sanarwa ake yi cewa wani ya tare ƙofa da babur. Ɗalibai suka bushe da dariya. Ta dawo gida ta ƙi cin abinci, ta ce ta tsufa da zama abin dariya a gidan Allah. Yau sai na kai ta bencin baya, inda ake zaunar da waɗanda ikilisiya ta sa horo saboda laifi, tunda babu kowa a kai. Na sa bakina a kunnenta, Fasto yana faɗa ina raɗa mata. Ta riƙe hannuna gam har aka tashi.

Ka riƙa shafa man nan a gwiwa, kada ka bayar da shi sadaka kamar na bara.

Taka har kullum,
Jemimah

Samaru, Zariya
Tsakiyar damina

Baban Godiya,

Ina gaishe ka da sunan Mai Cetonmu, da fatan kana lafiya kai da jama'arka. Mu muna nan cikin alherin Allah, amma zuciyata ba a kwance take ba.

Bencin baya ya cika. Tsofaffin matan Hanwa da Zabi suka fara matsowa, daga baya wani maigadi da 'yan keke mai ƙafa uku guda biyu suka samu wuri a ƙarshen benci. Kunne ba shi da marfi, ni kuwa ban iya raɗar da za ta zaɓi mata ta tsallake maza ba.

Jiya dattawa suka kira ni. Dattijo Bernard ya ce maza suna saurarona, kuma ya ji da kunnensa ba fassara kaɗai nake yi ba. Gaskiyarsa ce. Fasto ya kwatanta alherin Allah da na'urar da ke hawa da mutum bene, abin da Mama ba ta taɓa gani ba. Sai na ce musu kamar ka kwanta ciwo da damina ne, ka tashi ka tarar an yi maka gayya an nome gonarka. Maigadin nan har ya share hawaye. Dattawa suka ce wannan koyarwa ce. Sun ba ni zuwa ƙarshen wata, ranar Jibin Ubangiji da ake raba gurasa da ƙoƙo: ko in yi shiru, ko a sa ni horo.

Na kusa dariya, don horon ai zama ne a bencin baya, inda na riga na kai kaina. Amma ka san sauran. Za a hana ni Jibi, a sauke ni daga shugabancin Zumuntar Mata, a kuma kai sunana majalisar ikilisiya ta gunduma, inda naka sunan yake jiran a keɓe ka Rabaran bana. Na san shekarun da ka yi kana jira. Na san Mama ta ɗinka zanen bikin, yana ƙasan akwatinta.

Na bi Littafi na sake bi. Timoti yana nan, ba zan goge shi ba. Amma Bilkisu da mijinta Akila sun ja Afolos gefe sun ƙara masa haske, kuma babu inda aka ce Bilkisu ruwa kawai ta kawo. Ni ba malamar tauhidi ba ce, kaina ya ɗaure. Abin da na sani shi ne alkawarin da na yi gaban bagade, cewa zan yi maka biyayya kamar yadda wasiƙar Afisawa ta ce. To, ga ni. In ka ce in yi shiru zan yi shiru. Zan yi kuka, amma zan yi, kuma ba zan riƙe ka a zuciya ba. Da kana kusa, kallon fuskarka kaɗai ya ishe ni amsa.

Ka ba Iyke amsa ko da layi ɗaya ne.

Matarka mai jiranka,
Jemimah

Samaru, Zariya
Ƙarshen damina

Maigidana,

Gaisuwa da ƙauna cikin Almasihu. Ina fata ka isa lafiya, gwiwar kuma ta sauka. Godiya tana ta alfahari cewa kai kaɗai ta nuna wa giɓinta.

Ka zo kamar walƙiya ka koma washegari, baƙi kuma ba su bar mu mun yi magana ba. Bari in faɗa maka yadda abin ya kasance a wajena. Da Iyke ya ce ruwa ya cinye gada, wasiƙata ta shiga da ƙyar amma babu mai fitowa, na yanke shawarar yin shiru don kada in ɓata maka suna. Ranar Jibin, aka fara wa'azi na kulle bakina. Mama tana zungurina, ni ina kallon ƙasa.

Sai ga ka a bakin ƙofa, laka har gwiwa. Mai tsaron ƙofa ya nuna maka kujerun fastoci a gaba, ka gode masa ka nufo baya, ka matsa tsakanina da ɗan keke. Dattijo Bernard ya aiko a ce ka hau ka yi tafinta tunda ga namiji ya samu, ka ce yau sauraro ka zo yi. Sa'an nan ka miƙo mini kunne, kai da ka fi ni Turanci. Sai na fara raɗa maka, kowa yana ji. Da aka zo da Jibi aka tsallake ni, ka naɗe hannu ka bar shi ya wuce ka. Ni ayar biyayya na riƙe, na manta ta gaba kaɗan da ta ce miji ya ba da kansa domin matarsa. Ban taɓa ƙaunarka kamar ranar ba.

Yanzu ga labarin da ba ka sani ba. An sanar da horona. Majalisa kuma ta ɗage keɓewarka, ba su faɗi zuwa yaushe ba. Na yi kuka sosai, ka yi haƙuri. Dattijo Bernard yana nan kan bakansa, amma yana gaishe ni, har ya tambayi gwiwarka. Fasto Martins kuwa ya koyi sabon hali: in ya faɗi magana sai ya tsaya ya sha ruwa yana kallon bencin baya, har in gama raɗa.

Mama ta fito da zanen bikin nan, da shi take zuwa sujada. Tana ajiye jakarta a inda ka zauna, kusa da ni. Ran Lahadi wani ɗalibi ya zo a makare zai ɗauke jakar ya zauna, ta dafe ta, ta ce masa ya nemi wani wuri, nan wurin Rabaran ne.

Ka dawo da wuri, wurinka yana nan.

Ni ce taka,
Jemimah