"Da Sauƙi" Ta Kusa Hana Ni Tallafi

Zuwa ga Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya damina a Kano? Mu nan Jurf alhamdulillahi.

Ka san amosanin gaɓɓai ya raba ni da aikin gonar dabino. Da na nemi tallafin marasa lafiya, sai na je gaban likitocin hukuma fes, da jallabiyata ta Juma'a, na bar sandata a bakin ƙofa. Suka tambayi jikina, na ce da sauƙi, yadda aka rene mu. Ashe rubutawa suke! Suka hana ni.

Na kai takardar koke, aka sake kirana. Wannan karon uwargida Hajara ta bi ni. Ina buɗe baki ta ce, "Malam, yi shiru!" Ta gaya musu shekara biyu ke nan a zaune nake salla, ita ke sa mini takalmi. Kunya kamar in nutse, amma an amince.

A sa mu a addu'a. Ka gaida Inna. In ta tambayi jikina, ce mata da sauƙi. Ita ba ta rubutawa.

Ƙaninka,
Haruna