Man Shanun Inna

Daren Laraba, Kwandiko

Yau na ga tururuwa ta taru inda Baba ya yi fitsari a bayan rumbu. Na daɗe a tsaye. Na karanta a waya, na san alamar ciwon sukari ce.

Bara da aka yi masa aiki a Kano ba a farke cikinsa ba. 'Yan huji aka yi, aka zura kyamara, aka yanke rabin abin nan na bayan tumbi mai daidaita sukari da narka maiƙo. 'Yan dubiya har dariya suke: "Malam, ai ƙahon wanzami ya fi wannan tabo!" Kowa ya ɗauka an gama.

Ga shi yanzu kullum ramewa yake. Inna kuwa ta dage sai ta mayar masa da jikinsa, man shanu a tuwo, zuma a fura. Yana ci, cikinsa na ɓaci.

Da magariba na fizge kwanon. "Inna, kashe shi za ki yi da man nan?"

Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "To Sale, me zan ba shi? Tun ina amarya da man nan nake jinyarsa."

Na ajiye kwanon a gefe.

Gobe sai Birnin Kudu a auna jininsa. Baba ya ce wai mu bari a gama girbin gero. Wallahi ba zan bari ba.

Ɗazu na ji Inna tana miƙa wa maƙwabciya ƙwaryar man ta kan katanga, wai ya yi mata yawa.