Israel a Cikin Kaki

Edmonton, London
Lahadi, bayan sujada

Yayata Chundung,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara da duk mutanen Bukuru. Yaya gwiwar taki? Maƙwabciyata Tina ce za ta kawo miki wannan takarda tare da man shafawar da kika ce. Kada ki raba wa rabin unguwa kamar na bara, na san halinki.

Na zaɓi rubutu ne saboda bangon gidanmu ba ya riƙe magana. Israel kuwa yana jin Hausa sarai, amsa ce kawai yake bayarwa da Turanci.

Ɗan naki ya zo mini da sabon salo. Abokinsa na makaranta, Abdul-Basit, zai yi bikin ranar haihuwa, sun shirya zuwa wani daji a bayan gari su yi wasan da ake kira paintball. Bari in bayyana miki kafin ki tara mutane da tambaya. Mutane ne da hankalinsu suke rabuwa gida biyu, a ba kowa bindiga mai harba 'yan ƙwallayen fenti, su yi ta farautar juna. Wanda fenti ya fashe a jikinsa ya fita daga wasa. Wai nishaɗi ke nan.

Na so in ce a'a tun kafin ya rufe baki. Abin da ya hana ni shi ne, tun da yaron nan ya fara gemu ya daina gaya mini komai. Ya shigo, ya ci, ya rufe ƙofa. Wannan ne karo na farko a bana da ya zauna gabana ya nemi izini. In na hana, zai tafi a ɓoye da 'yar rigar shan iska, kuma ba zai sake tambayata wani abu ba. Don haka na amince.

Sai ya shiga ɗaki ya fito da wandon da ya riga ya saya: kakin soja mai rodi-rodi. Yaya, ba sai na gaya miki ba. Irinsa ne a jikin mutanen da suka shigo ƙauyenmu fuska a rufe, ranar da na rasa Nathaniel, Israel yana goye a bayana. Ya san babansa ya rasu a rikici, amma bai san da wace shiga suka zo ba, don ban taɓa iya faɗa masa ba. Na dai ce wannan wando ba zai kwana a gidana ba. Ya sha toka, ya mayar wa mai shago.

Kada ki damu. Wasa zai je, amma ni zan shirya shi, kin kuwa san ba na yin abu rabi da rabi.

Ki gaishe mini da kowa da sunansa.

Ƙanwarki,
Kachollom


Edmonton, London
Asabar

Yaya Chundung,

Na sake gaishe ki da kyau, ina fata man ya fara aiki. Mu ma lafiya lau, sai ruwan sama da ya ƙi jin magana.

Yau mun je Stratford sayayya, ni da Israel. Na tafi da niyyar in naɗe shi da babbar rigar sanyinsa, in ƙara masa bargo in ta kama. Matar da ke shagon ta yi dariya, ta ce gudu zai yi cikin itatuwa, zufa za ta kayar da shi kafin fenti. Ta ce riguna marasa nauyi ake jerawa, masu dogon hannu, yadda zai cire ɗaya in ya ji zafi. Na ga maganarta da kai, na bi. Muka ɗauki wando mai kauri ruwan toka da rigar sama baƙa. Ba rodi ko ɗaya.

Ta ce yatsu da maƙogwaro su ne inda harbi ya fi ciwo, sai na sa ta kawo safar hannu mai tauri da abin kare wuya. Israel ya ce fararen takalmansa na gayu zai sa. Na ce a laka? Tsohon takalminsa na but mai kama idon sawu zai sa, ko ya so ko ya ƙi.

Inda na kafe shi ne abin rufe fuska. Ya ce ai ana bayarwa a filin. Na ce fuskar ɗana ba ta aro ba ce. Na sa ya gwada kusan duk na shagon, yana tsalle, yana girgiza kai, har muka sami wanda ya zauna daram, mai gilashi ninki biyu da ba ya yin gumi. Da ya sa komai ya tsaya gaban madubi, na ce ya koma buhun dankali a kasuwar Bukuru. Yaya, yaron nan ya yi dariya har da riƙe ciki. Na manta rabon da in ji wannan dariyar.

A cikin jirgin ƙasa, muna dawowa, ya ce in zo in kalle su, ai Fatimah mahaifiyar Abdul-Basit ma za ta je. Ban bari ya maimaita ba. Har na nemi hutu a wurin aiki.

Ki kwantar da hankalinki, komai yana hannuna.

Taki,
Kachollom


Edmonton, London
Litinin

Yayata abar ƙaunata,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da iyali. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki karanta, amma tun farko ki sani duka muna lafiya.

Mun isa filin da safe, Israel cikin shigar da na zaɓa, ni kuma ina ta taƙama. Ashe akwai abin da ban tambaya ba. Kowane yaro sai an miƙa masa doguwar riga haɗe da wando ya ɗora a kan kayansa, kuma dukkansu kakin nan ne mai rodi-rodi. Israel ya riƙe tasa, ya juyo ya dube ni. Da a ce na girgiza kai da ya ajiye, ya zama shi kaɗai daban a cikin abokansa. Na ce ya sa.

Alƙalin wasa ya tara su ya ja musu kunne. Ya ce da zarar sun wuce ragar da ta raba filin da wurin 'yan kallo, ko da me ya faru ba a ɗaga abin rufe fuska, don ƙwallon da ke barin shati a cinya yana iya fasa ido. Suka rufe fuskoki, suka ɗauki bindigogi, suka shige. Daga nan na kasa gane nawa.

Na yi ta maza har aka fara harbi. Ƙarar ba ta kai ta gaske ba, amma jikina bai tsaya tantancewa ba. Ina riƙe da raga sai ga ɗaya ya ɓullo daga cikin itatuwa, kaki a jiki, fuska a rufe, bindiga a hannu, ya nufo ni kai tsaye. Sai kawai na tsinci kaina a ƙasa, Fatimah tana riƙe da kafaɗata. Na ji tsoro, Yaya, irin na wancan lokacin, ba ragi.

Israel ne. Ya hango yadda na ƙanƙame raga, ya bar maɓoyarsa ya taho. Da ya ga na faɗi, sai ya kai hannu zai ɗaga abin fuskar don in gane shi, yana tsaye a sarari, ƙwallaye suna wucewa ta ko'ina. Ban san daga ina muryar ta fito ba. Na daka masa tsawa da Hausa cewa kada ya kuskura ya cire. Hannunsa ya tsaya cak. Bai gama sauke shi ba fenti ruwan ɗorawa ya fashe a gilashin, daidai idonsa na hagu.

Ya ɗaga hannu alamar an fitar da shi, ya zagayo wurinmu. Sai a nan ya buɗe fuska, idanu biyu garau. Ya durƙusa gabana, ya ce ya fasa wasan, mu tafi gida. Na ga ya fahimci akwai abin da ban gaya masa ba. Na ce zan ba shi labarin babansa duka a hanya, ba abin da zan rage, amma sai ya gama abin da ya zo yi.

Na miƙe da ƙafafuna. Na goge gilashin da bakin gyalena har ya yi tas, na gyara masa wuyan kakin. Sannan ni Kachollom, da hannuna, na rufe wa ɗana fuska, na ja maɗaurin da kyau, na miƙa masa bindigarsa, na ce ya koma.

Ki sa mu a addu'a, ki gaya wa mutanen gida ɗan Nathaniel ya girma.

Ƙanwarki har kullum,
Kachollom